Kai ƙananan yara Argungu: ranar biki ko ranar da gari yake shiru?

Ƙanwata da ke aure a Jega ce ta kira ni tana neman shawara. Yaranta uku: babbar shekararta shida, mai bi mata huɗu, sai goyo. Maigidanta ya ce da zarar an sa ranar bikin kamun kifi zai kwashe su duka a je Argungu a ba ido abinci, ita kuwa hankalinta ya ƙi kwanciya. Na ce mata ta adana katinta, zan zauna in rubuto mata, don maganar ta fi ta waya. Sau biyu na kai nawa yaran Argungu daga nan Birnin Kebbi, sau ɗaya a tsakiyar biki, sau ɗaya a wata Asabar da babu abin da ake yi a garin sai harkar yau da gobe. Gari ɗaya ne, gulbi ɗaya, amma in ka tambayi yaran za su ce maka wurare biyu muka je.

Bari in fara ba bikin haƙƙinsa, kada a ce na taso da niyyar kushe shi. Duk wanda aka haifa a ƙasar Kabi ya san ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1934 aka fara shi a wannan siffar, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, aka shirya masa kamun kifi don a nuna an binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke adanawa. Kwana huɗu ake yi, yawanci tsakanin Fabrairu da Maris, ana baje kolin amfanin gona, ana kokawa da dambe, ana hawa, ana wasannin ruwa da muke kira kabanci, sannan a rufe da babban kamu a gulbin Matan Fada. Uban da ya ce yana son ɗansa ya ga wannan da idonsa bai yi laifi ba.

Mu a watan Maris na 2020 muka je, shekarar da aka dawo da bikin bayan ya yi kusan shekara goma a kwance, wadda Shugaba Buhari ya zo. Ko mako biyu ba a yi ba bayan nan aka rufe makarantu saboda korona, amma a ranar babu wanda abin yake ransa. Babbar 'yata tana da shekara bakwai, namijin huɗu, Auta kuma wata takwas a baya. Kusan daidai da lissafin ƙanwata ke nan, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ta Ambursa, ba ta cika cin awa ɗaya ba a ranar da Allah ya yi babu komai. Ranar kamun kuwa, da asuba muka fita, amma tun kafin mu shiga gari motoci sun yi cirko-cirko, ga jiniyar manyan baƙi kowane lokaci ana cewa a ba da hanya. Can nesa muka ajiye mota muka taka da ƙafa. Wannan tafiyar ƙasan ita ce abin da iyaye ba sa sawa a lissafi. Babba ba ya jinta, amma ɗan shekara huɗu kafin a kai rabi ya ce a ɗauke shi, ni ga goyo ga jakar kaya, Malam maigidana ga kular ruwa ga hannun yarinya.

Mun biya ta gidan Kawu, ƙanen mahaifiyar Malam, wanda ya yi su a ƙuruciyarsa kafin ya koma noman shinkafa. Yana ganina da goyo ya riƙe baki.

"Kun zaka lahiya? To ke ɗiyata, mi kunka zo nema da jinjiri cikin wagga rana? Ki bar shi wurin tsohuwa mana."

Na ce, "Kawu, ai nono yake sha, ba zai zauna ba."

Ya ce, "To Allah shi kiyaye." Bai ƙara ko kalma ba, kuma daga baya na gane abin da shirun nan yake nufi.

Ga abin da ya fi komai muhimmanci a wurina, kuma shi ne ban taɓa tunaninsa ba sai da na durƙusa ɗaure wa yaron takalmi. Daga tsayinsa na ɗaga kai na duba. Babu gulbi, babu masunta, babu jirage. Ƙugun manya ne, da gindin manyan riguna, da ƙura. Abin da ɗan shekara huɗu ke kallo a bakin Matan Fada ranar biki ke nan, sai fa in an ɗora shi a wuya. Wuyan uba kuwa ɗaya ne, yara biyu, jira kuma na sa'o'i, don ba a ba masunta izini sai manyan baƙi sun zauna an gama jawabai. Kamun kansa bai wuce kamar awa ɗaya ba. Wato yaro zai yi rabin wuni a rana yana kallon bayan mutane saboda abin da zai leƙa na 'yan mintuna.

Amma fa waɗannan mintunan! Ba zan ɓoye ba, tsigar jikina ta tashi. Ana ba da alama sai ka ji ƙasa tana rawa, dubban maza sun kwaso da gudu, kowa da homa, wato ragar kamun kifi, a hannu da ƙaton gora, ƙura ta turnuƙe sama, kafin ka ƙifta ido ruwan ya ɓace, babu abin da kake gani sai kawuna da goruna, makaɗa a cikin jirage suna zuga su. Yarinyar tana wuyan babanta a lokacin, kuma har yau in aka yi zancen sai ta miƙe tsaye tana kwatanta yadda aka yi. Kifin da ya zo na ɗaya a shekarar kilo 78 ne. Mu dai ba mu gan shi ba, a waya muka kalle shi da dare kamar wanda bai je ba, ita kuwa ta yi ta yi wa 'yan ajinsu kurin cewa ta je inda aka kama kifin da ya fi babanta nauyi.

A daidai wannan lokacin ne kuma yaron ya ɓace. Da masunta suka taso, jama'a ta tura gaba gaba ɗaya, ni ina kare kan goyo da hannu ɗaya, sai kawai na ji ɗaya hannun babu komai. Ban san tsawon lokacin da muka yi muna nema ba, Malam ya ce bai kai minti ashirin ba, ni a wurina wuni ne. Kiran suna ba ya aiki a wurin da ganga ke tashi. Abin da ya tsaya mini a rai ruwa ne, don gefenmu gangare ne zuwa gulbi. Wata mai sayar da ruwan leda ce ta tsince shi yana kuka, ta zaunar da shi a kan kularta ta ba shi ƙanƙarar zoɓo, ta hana shi motsi. Da na iso ko sannu ba ta yi mini ba, cewa ta yi, "Ke ce uwar wanga? Ko takarda ba ki sa mai aljihu ba?" Ban da abin cewa. Allah ya saka mata da alheri duk inda take.

Sai zafi. Wanda ya san Maris a ƙasar nan ya san rana tana iya haura digiri 40, kuma inuwar da ke bakin gulbi ta masu katin gayyata ce. Ruwan da muka ɗauko ya ƙare kafin azahar, na saye kuma ya yi tsada ya yi ɗumi. Babba yana jin ƙishi ya faɗa, jinjiri kuwa sai dai ki ga ya yi laushi, ya rage fitsari, maɗigarsa ta faɗa. Wurin da mace za ta zauna ta ba da nono a natse ma aiki ne, ban ɗaki kuwa kada a yi maganarsa, ga yaro in ya ce "Mama kashi" ba ya nufin anjima. Auta ya kwana biyu yana zawo bayan mun dawo, da ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc muka samu kansa. Ban ce bikin ne ya sa masa ba, amma ban ce ba shi ba ne. Kuma watannin nan na zafi da ƙura su ne lokacin sanƙarau a yankinmu, cuta ce mai son cunkoso, don haka duk wadda za ta shiga taro da yara ta fara duba katin rigakafinsu.

Zuwa na biyu a Disambar 2022 ne, ana tsakiyar hutun makaranta, hunturu ya sauka. Ba mu yi wani shiri ba. Mun karya a gida, muka sa wa yara rigunan sanyi, na shafe su da man kaɗanya saboda kaushi, ƙarfe takwas muka kama hanya. A Ambursa suka yi ta leƙen filin jirgi ko za su ga ɗaya ya tashi, ba su gani ba. Daga nan sai fadama, mutane na ta gyaran gonakin shinkafar rani, injinan ban ruwa na ta ƙara, balbelu fari fat a bayan shanu. Namijin, wanda a lokacin ya kusa bakwai, ya ce ashe shinkafa a ruwa take zama kamar kifi. A zuwan farko ta wannan hanyar muka bi, amma babu wanda ya kalli taga, kowa na kallon bayan motar gaba.

Gidan tarihi na Kanta muka fara zuwa, nan kusa da kasuwa. Tsohuwar fada ce da ake dangantawa da Sarkin Kabi Yakubu Nabame, sarakuna suka zauna a cikinta har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958, aka sa mata sunan Muhammadu Kanta da ya kafa daular Kabi shekara ɗari biyar da suka wuce. Mu kaɗai ne baƙi a safiyar, don haka mai yi mana bayani ya ba mu lokacinsa duka. A nan na ga bambancin da nake son ƙanwata ta gane. Yaron ya tsaya gaban masu da takubba da kwari da baka ya ƙi gaba. Tambaya yake yi ana ba shi amsa: wannan na waye, an taɓa kashe mutum da shi, me ya sa aka ɗaura wa wancan laya, tamburan nan yaushe ake buga su. Mutumin har durƙusawa yake yi ya daidaita da tsayinsa. Da muka zo wajen kaburburan sarakuna aka ce su yi shiru a yi addu'a, Auta mai shekara uku ya ɗaga 'yan hannuwansa yana kallon yadda yayarsa ta yi. Ɗakunan da sanyi, ba mai ture kowa, wanda ya gaji ya zauna a ƙasa.

Daga nan Kawu ya raka mu Matan Fada, kuma a nan ne ranar shiru take da nata naƙasun. Yaron ya tsaya ya dubi ruwan, ya dubi ni, ya ce, "Mama, ina mutanen? Ina kifin?" Gaskiya ce, in babu biki gulbi ne kawai, bai ma kai faɗin da ake zato ba in an gan shi a talabijin. Babu mai su a wurin, don an hana kamu a wannan yankin sai ranar biki, shi ya sa giwan ruwa ke samun sararin girma har ya kai wancan nauyin. Wanda ya zo ba shi da kowa a gari, ba shi da mai ba shi labari, cikin awa biyu zai ce ya gama ganin Argungu, ya koma yana cewa an cuce shi kuɗin mai.

Mu Kawu ne ya cece mu. Ya zauna a bakin ruwa ya ba su labarin Sarkin Ruwa, wanda sai da izininsa ake shiga, da yadda ake cewa yakan sallami kadoji kafin ranar kamu. Yarinyar ta ce, "Kaka, kadojin suna jin Hausa ne?" Ya ce, "Kabanci su ka ji." Da muka koma gida ya sa aka sauko da tsohuwar homarsa da goransa daga rufin ɗaki, ya kakkaɓe, ya kwanta a kan goran a tsakar gida da tsufansa yana nuna musu yadda masunci ke yawo a kansa a ruwa, da yadda ake jefa ƙananan kifi ta bakinsa. Yaron ya hau ya mirgino, ya sake hawa ya mirgino, tsohuwa tana dariya har da hawaye. Ranar biki ya ga goruna dubu daga nesa bai san mene ne ba. Ranar nan ya taɓa guda ɗaya, ya leƙa cikinsa, ya ce yana warin kifi.

Kada kuma a ɗauka ranar shiru ba ta da haɗari. Ranar biki taro ne ke raba ki da yaro, ranar shiru kuwa babu kowa tsakaninsa da ruwa, kuma hankalin manya ya kwanta ana hira. Auta sau biyu ina cafko shi yana nufar gangare. Ban bari sun shiga ko da iya idon sawu ba, saboda tsargiya, wadda ake ɗauka a irin ruwan nan mai dodon koɗi, sai bayan lokaci ki ga yaro yana fitsarin jini. Wani mai jirgi ya ce zai zaga da su, yara suka hau tsalle, na tambaye shi rigar ruwa ya ce babu, na ce to mun gode. Tun hatsarin jirgin da aka yi kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, na ɗaura wa kaina wannan dokar, ko ruwan bai kai ƙirji ba.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Lokacin biki komai hawa yake yi, kuɗin mota, kabu-kabu, ruwa, abinci, masauki kuwa in ba ka kama da wuri ba sai dai ka kwana Birnin Kebbi ko Sakkwato ka yi sammako. Gidan dangi ma cike yake, tabarma har zaure. Ranar shiru man mota ne, da ɗan abin da za a bayar a gidan tarihi, da tsarabar tsofaffi. Abinci kuwa tuwon shinkafa muka ci da miyar kifi a zaune, na samu sukunin cire wa Auta ƙaya ɗaya bayan ɗaya, abin da ba ya yiwuwa a tsaye cikin turereniya. Mun sayo bandar tarwaɗa muka taho da ita, la'asar a gida ta same mu.

Akwai hanya ta uku da ban gwada da yara ba, amma na san ta tun ina budurwa, wato a je ranar kabanci maimakon ranar babban kamu. Taron bai kai na ranar ƙarshe ba, wasannin kuma ɗaya bayan ɗaya ake yin su, tseren jirage, ninƙaya, nutso, kamun kifi da hannu, da kamun agwagwar ruwa. Wannan na ƙarshen an yi shi ne kamar don yara: ƙato ya kai hannu, agwagwa ta nutse ta ɓullo a bayansa, duk bakin gulbi ya ɗauki dariya. Ba a jiran awa huɗu don abu ɗaya, in yaro ya gaji an riga an ga wani abu, sai a tafi. Zafin dai yana nan, ban ɗakin ma haka.

Abin da ke sa ni jinkirin cewa kowa "bari sai baɗi" shi ne bikin nan ba shi da tabbas kamar Sallah. Wanda ya ce wa ɗansa ɗan shekara shida a 2009 ya bari sai wata shekara, sai da yaron ya zama saurayi sannan aka sake yi. Don haka ina gane maigidan ƙanwata, ba rigima ce kawai ta sa shi ba. Sai dai abin da ake tsoron ya wuce yaro, sai yaron ya kai ya riƙe shi. 'Yata mai shekara bakwai ta riƙe. Namijin, in ka tambaye shi bikin 2020, abu biyu yake tunawa: ƙanƙarar zoɓo da kukan da ya yi. Auta ko sanin an je bai yi ba, shi ya sha wahalar kawai.

To ga abin da na rubuta mata. Goyo da ɗan shekara huɗu ba su da abin yi a Matan Fada ranar babban kamu, a kai su da sanyi, tsakanin Disamba da Janairu, a sa wani na gari ya tambayo ko gidan tarihin zai buɗe a ranar, kuma a nemi dattijon da zai ba su labari ko da ba dangi ba ne, masunta ba sa rowar zance. Babbar, mai shekara shida, tana kan iyaka. In tana da jimirin tafiya kuma tana jin magana, babanta ya tafi da ita su biyu, hannu ɗaya yaro ɗaya, ba ƙari. A sa mata kaya masu kalar da ake hangowa daga nesa, a rubuta lambar waya a takarda a maƙale mata da fil a cikin riga, a koya mata cewa in ta nemi babanta ta rasa ta tsaya wurin mace mai sayar da abu kada ta yi ta yawo. Su ɗauki hula da ruwa fiye da yadda suke zato, su tsaya nesa da gangare, kuma su fito kafin a watse, don turereniyar fita ta fi ta shiga. Duk wannan tun ana saura kwanaki ake shirya shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Da ta karanta sai ga kiranta. Ta ce, "Yaya, duk na ji, kuma wallahi abin da ke raina ke nan. Amma wa zai faɗa masa? Ni in na ce ba za ni ba sai ya ce tsoro ne irin na mata."

Na ce ta bar mini. Da dare na ba Malam waya na ce ya kira shi, kada ya ba shi shawarar komai, ya dai ba shi labarin minti ashirin ɗin nan da yake cewa ba su kai ashirin ba.